Ƙidayar bugu kaɗai ba za ta fitar da gwarzon besbol ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tanka wa sharhin da na karanta a shafinku na wasanni, inda marubucin ya jera gwanayen besbol na Amurka bisa yawan ƙwallon da kowannensu ya buga ta haye katanga: Barry Bonds 762, Hank Aaron 755, Babe Ruth 714, sannan ya ce magana ta ƙare. Alƙaluman nasa daidai suke, ban ga inda ya yi tuntuɓe ba. Hukuncin da ya yanke da su ne ban yarda da shi ba. Na fi shekara ashirin ina raba dare a kan wannan wasa, kuma musun nan ni da babban ɗana mun yi shi har mun gaji, shi yana bayan Shohei Ohtani, ni ina kare tsofaffi.

Mu fara da Ruth, tunda da shi ake auna kowa. A 1919 ya buga 29, aka ce ba a taɓa ganin irinsa ba. Shekara na zagayowa, bayan Boston ta sayar da shi ga Yankees na New York, sai ya buga 54. A wannan kakar ta 1920, ban da tasa ƙungiyar, babu wata ƙungiya a ɓangarensu na gasar da 'yan wasanta duka, in an haɗa nasu wuri ɗaya, suka kai abin da shi kaɗai ya yi. Wannan fintinkau ne da wani bai sake yi wa tsara irinsa ba, kuma ba na musun haka. Sai dai a tuna cewa wasan kansa ya sauya a daidai lokacin. Kafin nan ƙwallo ɗaya ake ta bugu har ta yi baƙi ta yi laushi, masu jifa suna shafa mata yawu da ruwan taba, suna karce ta don ta riƙa karkacewa a iska. A 1920 aka fara hana wannan, kuma a watan Agustan shekarar ƙwallo ta sami Ray Chapman na Cleveland a ka, ya mutu. Daga nan alƙalan wasa suka riƙa sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. Farar ƙwallo sabuwa ta fi ganuwa, ta fi nisan tafiya.

Ga kuma babbar maganar da sharhin bai ko taɓo ba. Ruth bai taɓa fuskantar baƙar fata ko ɗaya a wasan gasa ba. Ƙungiyoyi 16 ne a lokacin, kuma ƙofarsu a rufe take ga baƙaƙe har ranar 15 ga Afrilun 1947, da Jackie Robinson ya fito wa Dodgers na Brooklyn. Baƙaƙen suna can suna tasu gasar daban. A cikinsu akwai Josh Gibson, wanda ya mutu a watan Janairun 1947 yana ɗan shekara 35, saura wata uku a buɗe ƙofar. Akwai Satchel Paige, mai jifan da bai samu shiga ba sai a 1948, yana da shekara 42, lokacin da tsaransa sun daɗe da ajiye wasa. Da hukumar babbar gasar ta haɗe alƙaluman gasar baƙaƙe da nata a 2024, sai ga Gibson a saman kowa wajen yawan dacewa da bugu, da 372 cikin kowane 1,000, ya ture Ty Cobb da ya shafe kusan ƙarni yana riƙe da wannan matsayi. To wa za mu ce ya fi? Ruth bai gamu da Paige a gasa ba, Gibson ma bai gamu da manyan masu jifa farare a gasa ba. Kowannensu rabin ƙasar ya yi wa sarauta.

Sannan akwai waɗanda yaƙi ya ci musu shekaru. Ted Williams ya tsaya a bugu 521 da suka haye katanga, amma kaka uku cur, 1943 zuwa 1945, yana aikin soja, ya kuma rasa mafi yawan 1952 da 1953 yana tuƙa jirgin yaƙi a Koriya. Mutumin nan ne a ranar ƙarshe ta kakar 1941 ya wayi gari lissafinsa na dacewa da bugu na kan gaɓar 400 cikin 1,000. Da ya zauna a benci, da an cike masa guntun ya tafi da sunansa. Ya ƙi, ya buga wasanni biyun da suka rage a ranar, ya dace sau shida cikin takwas, ya tashi da 406. Har yau, in aka cire alƙaluman gasar baƙaƙe, ba wanda ya sake kaiwa 400 a babbar gasar. Jerin marubucinku ba shi da gurbin irin wannan.

Ko filin ma ba ɗaya ba ne. A 1968 masu jifa suka addabi masu bugu, Bob Gibson na St. Louis ya ƙare kaka ana cin sa abin da bai fi maki ɗaya da ɗigo 12 ba a kowane cikakken wasa. Hukuma ta ga abin ya yi yawa, a 1969 ta rage tsayin tudun da ake jifa daga kai, daga inci 15 zuwa 10. Kakar Ruth wasa 154 ce, ta Roger Maris da ya buga 61 a 1961 wasa 162 ce.

Zan yi wa ɗana adalci, don hujjarsa ba ta yarwa ba ce. Yana cewa: "Baba, Cy Young ya yi jifa tun daga farkon wasa har ƙarshensa sau 749. Ai ka ga mutumin da ya gaji tsofaffinka suke bugu." Gaskiya ne. Yau mai jifa na yin zagaye biyar ko shida a cire shi, a sako wani da hannunsa bai taɓa ƙwallo ba a ranar, yana wurgo ta da gudun da kan kai kilomita 160 a awa, daga tazarar da ba ta kai mita 19 ba. 'Yan wasan kuma daga Japan, Kuba, Dominika da Benezuwela ake tsamo su. A cikin wannan taron ne Ohtani ya buga 54 ya kuma saci zango 59 a 2024 (wato ya sheƙa zuwa zango na gaba ba tare da jiran a buga ƙwallo ba), abin da ba a taɓa haɗawa ba, ga shi kuma gwanin jifa. Amma nakan ce masa, an yi wa Ohtani tiyata a gwiwar hannu sau biyu, a 2018 da 2023, kuma sai a 1974 aka fara irin wannan aikin. Da a zamanin Ruth aka haife shi, da jifansa ya ƙare tun ciwon farko. Sandy Koufax yana ganiyarsa, yana ɗan shekara 30, gwiwar hannu ta sa ya ajiye wasa a 1966. In za a ɗauko Ruth a jefo shi yau, to a ba shi likitocin yau da hotunan bidiyon da ake nazarin abokan hamayya da su. In ba haka ba, a sa Ohtani a jirgin ƙasa ya kwana yana jijjiga.

Na Bonds ba zan ja shi da nisa ba. Mutumin da bai taɓa kai 50 a kaka ba ya tashi ya buga 73 a 2001, shekarar da ya cika 37. An zarge shi da amfani da ƙwayoyin ƙara ƙarfi, ya ce bai taɓa sha da saninsa ba, marubutan wasanni kuma suka shekara goma suna ƙin zaɓensa zuwa zauren gwaraza na Cooperstown. Ruwa dai ba ya tsami banza.

In aka matsa mini sai na zaɓa, Willie Mays zan ɗauka, don shi ne wanda "amma" ɗinsa ta fi kaɗan. Ya fara a gasar baƙaƙe da ƙungiyar Birmingham a 1948, ya yi shekarunsa a babbar gasa bayan an buɗe ta ga kowa, ya ratsa zamanin dogon tudu, aikin soja ya ci masa mafi yawan 1952 da dukan 1953, duk da haka ya buga 660, ya kuma karɓi kyautar gwanin tsaron fili sau 12. Tsaron filin nan shi ne abin da ƙidayar bugu ba ta gani sam. A wasan farko na gasar ƙarshe ta 1954, Vic Wertz na Cleveland ya narka wa ƙwallo bugu ta nufi can ƙuryar filin Polo Grounds. Mays ya juya baya yana sheƙa gudu, ya cafe ta ta saman kafaɗa ba tare da ya juyo ba, ya wulwulo ya jefo ta har hularsa ta faɗi. Hoton yana nan a intanet, baƙi da fari. Ranar da Mays ya mutu a watan Yunin 2024, yana da shekara 93, na sa ɗana ya kalla. Sau uku ya maimaita, ya yi shiru, can ya ɗago ya ce: "To Baba, ya iya jifa daga kan tudu?"

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai karanta shafin wasanni