Wasiƙa daga Annapolis

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanen Yelwa. Ya damina, ya hidima? Mu ma nan alhamdu lillahi, sai dai zafi, irin mai ɗanshin nan da ba ya barin riga ta bushe a jikin mutum.

Saƙonka na murya ya zo ina can cikin teku inda babu sabis, sai da muka doshi tudu sannan ya shigo. Na saurara ina ta dariya ni kaɗai, musamman inda ka ce tsufa ya zo mini da gardama, mutum ya yi ritaya, maimakon ya riƙe carbi sai ya je ya riƙe igiyar jirgi, kuma ko sisi ba a ba shi. Haka ne, ba a biya na. Abinci ne kawai, da gadon da faɗinsa bai wuce na tabarmar salla ba. Amma tambayarka ta ƙarshe ba ta wasa ba ce, ita ta sa na zauna na rubuta. Ka ce ɗanmu ya nace sai ya shiga NDA ta Kaduna ɓangaren sojan ruwa, kuma kana mamakin abin da zai sa ƙasa kamar Amurka, mai jiragen yaƙi masu aiki da nukiliya, ta riƙa ɗora yaranta a jirgin da iska ke turawa.

Makarantar da nake taimaka wa ita ce ta horar da hafsoshin ruwa da ke nan Annapolis, a bakin kogin Severn inda yake faɗawa tekun Chesapeake. Tun 1845 aka kafa ta, ɗalibanta sun haura 4,000, maza da mata, don tun 1976 aka fara ɗaukar mata. Shekara huɗu suke yi. Idan hutun bazara ya zo ba gida suke wucewa kai tsaye ba, ana rarraba su horo iri-iri, wasu manyan jiragen yaƙi, wasu na ƙarƙashin ruwa, wasu kuma a turo mana su. Jirginmu ana ce masa Navy 44, saboda tsawonsa ƙafa 44 ne, mita 13 da ɗoriya. Jigo ɗaya gare shi, a jikinsa ake ɗaga filafilai, manyan ƙyallayen nan da iska ke cikawa. Mu goma muke shiga: ni, da mataimakina, da yara takwas da muke rabawa gida biyu, waɗansu na aiki waɗansu na barci, dare da rana. Jiragen da yawa ne, hafsoshin makarantar ba za su wadata ba, shi ya sa ake haɗawa da irinmu 'yan sa-kai, tsofaffin sojoji da farar hula da suka san ruwa.

Ba kuma haka kawai ake miƙa wa mutum 'ya'yan mutane ba. Lokacin sanyi a aji muke yin sa, karatun taswira da dokokin hanyar ruwa da hasashen yanayi da taimakon gaggawa. Idan ɗumi ya fara shigowa a fita da mu a gwada kowa a kan ruwa. Sai da na yi mataimaki a ƙarƙashin wasu kafin a ce na isa a kira ni kyaftin, duk da shekarun da na yi ina tseren jiragen ruwa da abokan aikina a nan kowace yammar Laraba.

Hanyarmu ta bana arewa muka nufa. Muka bi ta ƙarƙashin babbar gadar Chesapeake, muka haura har ƙuryar tekun, sannan muka shiga mashigin da aka haƙa ya haɗa Chesapeake da Delaware, mil 14 tsawonsa. A cikinsa doka ta hana tafiya da iska, dole a tayar da inji, don manyan jiragen dakon kaya na tashar Baltimore ma nan suke bi, ba wurin kauce-kauce. Daga nan muka gangara tekun Delaware, inda ƙudaje masu cizo suka yi mana rubdugu, muka wuce Cape May, sai ga mu a Atlantika sosai. Daga can zuwa tsibirin Block kusan mil 200 ne na teku, ba ka ganin tudu, kuma gudunmu in iska ta yi kyau bai wuce kilomita 12 ko 13 a awa ba. Ƙarshen tafiya garin Newport ne. Wani abin da zai ba ka sha'awa: alƙiblar nan arewa maso gabas take, kuma hanyar ma can ta miƙe, saboda haka goshin jirgi shi ne kusan gabas ɗina. A zaune nake yin salla, ina ƙasaru, ɗaure da igiya.

To, ga amsarka. Ba tuƙin jirgin iska ake son su ƙware a kai ba, don yawancinsu in sun gama ba za su sake taɓa filafili ba. Abin da ake nema shi ne yaro ya ɗanɗana shugabanci a wurin da kuskure ke da farashi nan take, yana cikin gajiya, ga jiri, ga tsoro, ga abokansa na kallonsa. A babban jirgin yaƙi ƙaramin hafsa yana can sama cikin ɗaki mai sanyi, tsakaninsa da ruwa akwai gilashi da allon kwamfuta da manya bila adadin. A namu jirgin in ka miƙa hannu za ka taɓa teku. Ka tuna 2017, da jiragen yaƙinsu biyu suka yi karo da na 'yan kasuwa, Fitzgerald a kusa da Japan, John S. McCain a kusa da Singapo? Sojoji 17 suka mutu, ba a yaƙi ba. Binciken da rundunar ta yi da kanta ya nuna ba rashin na'ura ba ne, masu gadi ne ba su yi abin da ake koya wa ɗan koyo ba: duba waje da ido, magana da juna, kiran ɗaya jirgin tun da wuri, ga kuma rashin barci.

Shi ya sa aikina mafi wuya shi ne in yi shiru. Wallahi, Alhaji, ya fi jan igiya wahala.

Wani dare muna daura da gaɓar New Jersey, wajen ƙarfe biyu, babu wata. Mai shugabantar masu aiki a lokacin wata yarinya ce 'yar shekara ashirin, mai kaifin kai, daga wata jiha da ko teku babu. Ni ina zaune a bakin matakala na lulluɓe da rigar ruwa kamar mai gyangyaɗi. Sai mai duba gaba ya ce ga fitilu ta hagu. Ta ɗauki kamfas na hannu ta auna kusurwarsu, ta jira 'yan mintoci ta sake aunawa. Kusurwar ba ta sauya ba, fitilun kuwa sai ƙara haske suke, ma'ana in kowa ya ci gaba yadda yake, wuri ɗaya za mu haɗu. Har nan ta yi daidai. Ta ce wa mai riƙe da sitiyari ya shirya, za mu karkata mu wuce ta bayan jirgin. A mafi yawan lokuta wannan ita ce dabarar da ta dace.

Amma ni na riga na ƙirga. Farare uku ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, da koriya a ƙasa. A dokar ruwa ta duniya wannan alamar jirgi ne mai jan wani, kuma abin da yake ja ya wuce mita 200 a bayansa. Wato can cikin duhu akwai ƙatuwar kwatarniyar ƙarfe cike da mai ko tsakuwa, babu inji babu birki, tsakaninsu kuma igiyar ƙarfe mai kaurin dantse tana nutse tana tasowa. Wanda ya bi ta tsakaninsu ba ya ba da labari.

Na yanke wa kaina iyaka a zuci: in muka kai tazarar mil ɗaya ba ta farga ba, zan karɓa. Zuciyata na bugawa, bakina ya cika da magana, amma abin da na ce kawai shi ne, "Farare nawa kike gani?" Ta ɗaga madubin hangen nesa. Shiru. Na ji tana ƙirgawa a hankali. Sai ta juya madubin can baya, ta yi ta lalube, har ta tsinci wata 'yar koriyar fitila dishi-dishi, nesa da inda kowa ke kallo. Ba ta ce mini komai ba. Ta soke umarninta da murya ɗaya, ta sa aka sassauta filafili muka rage gudu, ta sauka ta ɗauki rediyo ta kira mai jan a tasha ta 13, ta faɗi sunan jirginmu da inda muke, ta ce za mu jira su wuce dukansu. Wata murya mai barci-barci ta amsa mata da godiya. Da abin ya zo giftawa baƙi ƙirin, ya tare taurari, ba wanda ya yi tari a cikinsu. Da na faɗa mata tun farko, da ta ce to, ta manta kafin mu isa Newport.

Ba kowane dare ke da irin wannan ba. Yawanci amai ne da wanke-wanke. Akwai wani ƙato ɗan ƙwallo da tun daga Cape May ya rungumi bokiti, amma da layin girki ya zo kansa, ya ɗaure ƙugunsa a jikin murhu, murhun na lilo shi ma yana lilo, ya dafa wa mutum goma taliya, ya fito ya yi amansa ya koma ya raba. A rahoton da na rubuta shi na fi yabo. Wani kuma mai baki, da ya fi kowa maki a aji, sai da hazo ya rufe mu kusa da tsibirin Block sannan aka ga bai iya cewa "ban gane ba". Shi na fi zama da shi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma a ganina hafsan da ke jin kunyar tambaya ya fi wanda bai sani ba haɗari.

Muna da GPS da rada, amma ina sa su zana inda muke a taswirar takarda da fensir kowace awa, wani lokaci in rufe allon da tawul. Makarantar ma a 2015 ta dawo da darasin gane hanya da taurari bayan ta ajiye shi shekaru, saboda fargabar abokan gaba za su iya lalata siginar tauraron ɗan'adam. Na nuna musu tauraron arewa, na ce tsayinsa daga gefen sama shi ne nisanka daga layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A can wajen digiri 40 yake. A Yelwa bai kai 11 ba, shi ya sa muke ganinsa ƙasa-ƙasa saman itatuwa. Gab da asuba kaza da 'ya'yanta suka fito, na gaya musu sunan da muke kiransu, suka yi ta maimaitawa suna karya harshe.

Game da ɗanmu, kada ka hana shi. Amma kafin ya cike fom, ya iya ninƙaya sosai, ba irin tamu ta bakin gaɓa ba, ya kuma riƙe lissafi da kyau. In an yi hutu ka haɗa shi da Sarkawa ya bi su ran kasuwa, ya kwashe ruwa daga cikin jirgi, ya ɗauki kaya, a yi masa tsawa. Su ma sun san karatun ruwa da iska, ba su dai rubuta ba ne. In ya dawo yana son komawa, ka sa masa albarka.

Akwai kuma wata alfarma da nake nema. A jirginmu ba mai taka sama da dare sai da rigar kariya a jikinsa, ya kuma maƙala igiyarsa, ko da kyaftin ne. Duk sanda na ɗaura tawa sai hatsarin jirgin ruwa na Wara na 2021 ya faɗo mini. Abokaina na nan suna sauya rigunansu tun suna da sauran ƙarko, na fara tattarawa, har da na yara ƙanana. Don Allah ka je wurin sarkin jirgi ka ji ta bakinsa: in sun iso, wa zai riƙe su, kuma ta yaya za a sa fasinja ya saka, kada su ƙare a matsayin matashin kai ko a gan su a kasuwa. Abin da ya faɗa ka turo mini, sai in san yawan da zan sa a kwantena.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata yajin da ta aiko ya shiga teku, yaran sun ci sun yi hawaye sun ƙara. Uwargida tana gaishe ku, ta ce ta goyi bayanka a maganar carbi. A gaida Liman da 'yan majalisarmu ta ƙofar gida, a sa mu a addu'a.

Wassalam.

Naka,
amininka na Annapolis