A Raba Addini da Kujerar Mulki, Kada a Raba Shi da Mutane

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na makon jiya kan raba addini da harkokin mulki, kuma tun ranar abin ke cina a rai. Baƙinku biyu sun yi ta ja-in-ja, wannan na cewa tsarin kafirci ne zalla, wancan na cewa addini ya tsaya a masallaci da coci, kada ya leƙo waje. A ganina duk sun bar jaki suna dukan taiki.

Abubuwa biyu ake cakuɗawa. Akwai gwamnatin da ta ƙi ɗaukar addini guda ta mai da shi nata, akwai kuma wadda ke cewa talaka ya tuɓe addininsa a bakin ƙofa kamar takalmi. Ta farkon nake goyon baya, kuma a matsayina na mai addini nake faɗa.

A duba Amurka. Gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkinta a 1791 ya hana majalisa kafa addinin ƙasa, a cikin jimlar nan kuma ya hana ta tauye wa kowa ibadarsa. Cikin waɗanda suka fi matsa lamba a kan haka har da Kiristoci 'yan Baftis na jihar Bajiniya, domin an sha ɗaure masu wa'azinsu kan laifin yin wa'azi ba izinin hukuma, lokacin da cocin Angilika ne cocin gwamnati a can. Masu ibada ne suka nemi katangar da ta raba addini da gwamnati, don sun ɗanɗana kuɗarsu.

Faransa ta kama wata hanyar. Dokarta ta 1905 ta raba coci da gwamnati tare da tabbatar da 'yancin ibada, ba ni da ja a kan wannan. Amma a 2004 aka hana ɗalibai shiga makarantun gwamnati da alamun addini bayyanannu, a 2023 aka ƙara da abaya. Yarinya 'yar shekara 14 ba gwamnati ba ce. Ba ta yanke hukunci, ba ta karɓar haraji. Me ɗankwalinta ya rage wa adalcin hukuma?

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Turkiyya. A watan Mayun 1999, Merve Kavakçı, wadda jama'ar Istanbul suka zaɓa, ta shiga zauren majalisa da kallabinta. 'Yan majalisa suka miƙe suna tafi suna ihun ta fita, ta bar zauren ba ta yi rantsuwar kama aiki ba. Sai a 2013 mata masu kallabi suka samu zama a wannan zaure. Ga abin dubawa kuma: ƙasar da ta yi haka da sunan ba ruwanta da addini, ita ce tun 1924 ke da hukumar Diyanet, mai ɗaukar limamai aiki, mai biyansu albashi, mai tsara huɗubar Juma'a. Wannan ai ba rabuwa ba ce, tsare addini aka yi a gidan gwamnati. Limamin da abincinsa ke hannun mai mulki, da wane baki zai ce masa ya ji tsoron Allah? Masu roƙon gwamnati ta rungumi addininsu su tuna cewa kujera juyawa take yi. Sandar da ka miƙa wa naka yau, gobe tana hannun wanda ba naka ba.

Shekarun baya na yi jinyar mahaifiyata a wani asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita da dare tana da ƙaramin gicciye a wuya. Kafin ta ɗaura mata ruwa, sai ta zare carbin daga hannun dama a hankali, ta mayar mata da shi hannun hagu, ta jira ta ƙarasa abin da take karantawa. Da asuba ita ce ke tashina in yi salla. Ba wanda ya ɓoye addininsa cikin su biyun, ba kuma wanda aka tauye. Da an tilasta mata cire gicciyen, ko an raba tsohuwa da carbinta, ban ga abin da zai ƙaru ba ban da ɓacin rai.

Ban yarda a ce mai addini ya yi shiru kan cin hanci ko zalunci don kawai hujjarsa daga littafinsa ta fito ba. Ya faɗa a kasuwa, a jarida, a majalisa. Sharaɗi ɗaya ne: idan yana son ra'ayinsa ya zama dokar da za ta hau kan kowa, ya kawo dalilin da wanda ba ya bin littafin zai iya aunawa, ya kuma haƙura idan aka rinjaye shi.

Ina roƙon ku sake kawo batun, ku gayyato wanda ya taɓa zama cikin 'yan tsiraru a inda addinin wasu ke mulki, Musulmi ne ko Kirista, mu ji ta bakinsa.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum.