Rahoton kwamitin gini: ajujuwa biyu da injin matse bulon ƙasa

Assalamu alaikum. Wannan bayani ne daga kwamitin da aka ɗora wa gina ƙarin ajujuwa a makarantar Islamiyyar unguwarmu, zuwa ga iyayen yara da malamai da 'yan'uwa mazauna nesa da suka yi ta aiko da gudummawa. Alhamdu lillahi aiki ya kammala: aji biyu da ɗan ofis, an rufa kwano, an yi daɓe, yara sun shiga. Lissafin kuɗi yana manne a allon sanarwa, ma'aji kuma yana nan ga mai neman ƙarin bayani. Abin da aka fi tsare mu da tambaya a kai shi ne injin da ya buga bulon, don haka shi zai ci mafi yawan rahoton nan.

Tun zaman farko muka ga abin da ke hannu ba zai kai mu lintal ba idan da bulon siminti za a yi. Tubalin gargajiya kuwa dattawa suka ce a'a, sun gaji da yaɓe duk bayan damina. Sai wani ɗanmu mai karatun zanen gine-gine ya kawo shawarar matsattsen bulo: jar ƙasa mai ɗan danshi, a zuba mata siminti kaɗan, a matse ta da ƙarfi cikin akwatin ƙarfe. Ba a yarda nan take ba. Abin da ya karya gardamar hotunan Dandaji ne, a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da irin wannan bulo, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Da liman ya ga tsayin ginin sai ya ce, "To, in ƙasa ta ɗauki wannan, aji biyu ai ba zai gagare ta ba."

Saura inji. Na kanti ya fi ƙarfinmu, sai muka koma kan waɗanda zanensu yake a sake, kowa ya ɗauka ya ƙera. Guda biyu muka tsaya a kai.

Na farko tsoho ne, CINVA-Ram, wanda injiniya Raúl Ramírez ɗan ƙasar Chile ya ƙirƙira a birnin Bogota na Kolombiya a shekarun 1950. Akwatin ƙarfe ne mai murfi, da fistin a ƙasa, da doguwar sanda. A cika akwatin, a rufe, a danno sandar ƙasa, fistin ya taso ya matse. A mayar da sandar ɗaya gefen, bulo ya fito sama a ɗauke. Girman bulonsa wajen santimita 29 da 14 da 9. Babu fetur, babu lantarki, ƙarfin damtse ne kawai, kuma 'yan ɗaruruwa yake bugawa a wuni.

Na biyu shi ne Liberator na ƙungiyar Open Source Ecology da Marcin Jakubowski ya kafa a 2003. Mutumin digirin digirgir gare shi a kimiyyar fiziks, ya koma noma a jihar Missouri ta Amurka, taraktarsa ta yi ta lalacewa gyara yana cinye masa kuɗi, sai ya ƙudura zai ƙera injuna 50 da ƙauye ke buƙata, ya saki zanensu kyauta. Injin bulo na cikin na farkon da ya fara da su, samfurin farko ya fito a 2007. Maimakon sanda, matsin mai ne ke tura fistin, irin na tifa in za ta juye yashi. Sai wani ƙaramin fistin da ke jan aljihun ƙarfe gaba da baya: ya ɗebo ƙasa daga babban mazurarin sama ya zuba a akwatin, ya rufe bakin a matse, sannan ya turo bulon waje.

Mun daɗe muna bin yadda injin nan ya sauya kama daga samfuri zuwa samfuri, don a nan ne amfanin yake. Da farko mutum ne ke tsaye yana murɗa hannayen mai, daga baya aka sa ƙaramar kwamfuta ta Arduino tana ba da umarni. Aka faɗaɗa mazurarin har tarakta ta iya juye masa ƙasa da cokalinta, aka ɗora masa rariyar ƙarfe mai tare duwatsu, aka ƙara abin girgiza saboda ƙasa mai danshi tana maƙalewa ta ƙi sauka. Injin da ke ba shi ƙarfi ma daban yake, Power Cube, ana iya cire shi a kai wa wata na'ura. Sannan suka koma kan sauƙin ƙira: a yanka faranti bisa zanen kwamfuta, a ɗaure abin da zai ɗauru da noti, har a Disambar 2012 suka haɗa inji guda cikin wuni ɗaya. Kusan kowane gyara amsa ne ga wani abu da ya ba su wahala a filin aiki, kuma ba su ɓoye ba, sun rubuta sun ɗora a intanet.

Duk da haka ba shi muka ƙera ba. Liberator an yi shi ne don wurin da lebura ke da tsada, tarakta kuma tana tsakar gida. Mu hannaye ne muke da su, matasa sun yi alkawarin gayya, kuma in tiyon mai ya fashe ko kwamfutar ta ƙone, aiki ya tsaya ke nan sai an je birni. Muka ɗauki tsarin CINVA-Ram, muka aro dabarar aljihun nan daga Liberator. Mai waldar unguwa ya yi shi ƙarami, ana ja da hannu. Amfaninsa awo ne: kowane bulo ƙasa ɗaya yake samu, ba wannan ya cika wancan ya rage ba. A injin sanda wannan babban abu ne, don in ƙasa ta yi kaɗan bulo ya fito lagwai-lagwai, in ta yi yawa ƙato biyu su rataya a sandar ta ƙi sauka.

Namu ma sai da ya sha gyara. Ƙusar da sandar ke juyawa a kanta ta lanƙwashe tun ba a je ko'ina ba. Mai walda ya duba ya ce, "Alhaji, wannan rodin gini ne, ba zai iya ba," ya je wajen 'yan gwangwan ya samo ƙarfen gindin mota ya sa aka fere shi daidai ramin. Har aka gama bai sake motsi ba. Ya ƙara wa sandar tsayi da bututu, ya ɗaure injin a kan katako mai kauri don ya daina ɗaga gindi.

Inda aikin ya fi cin rai ba wajen matsewa ba ne, wajen ƙasa ne. Ta sama mai taki ba ta yi, sai an kwashe ta an kai ga jar. Mun gwada ta a kwalba da ruwa, yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta hau sama, muka ga yumɓun ya yi yawa, sai da aka ƙara yashi don kada bulo ya tsage. A farfasa, a tankaɗe, a gauraya da siminti a bushe, awo ɗaya cikin ashirin, sannan a yayyafa ruwa. Danshin kamar na garin dambu ake so: a dunƙula a hannu ya riƙe, a sake shi daga tsayin ƙugu ya fashe gida huɗu ko biyar. In ya baje kamar gari ruwa bai isa ba, in ya faɗi a dunƙule ya yi yawa. Mutum biyu sun ishi injin, amma masu haɗa masa ƙasa sun ninka haka, kuma kullum su ake jira. Wanda zai yi irin aikin nan ya fara tanadar rariya da baro da inuwa kafin ya damu da saurin inji.

Bulon da ya fito an jera shi a inuwa an lulluɓe da leda, ana yayyafa masa ruwa mako guda, ba a ɗora shi a gini ba sai da ya yi kwana 28. Harsashin da dutse da siminti aka yi, aka ɗaga shi sama da ƙasa saboda ruwan da ke kwanciya a gefen gabas. Kwanon ya zarce bango sosai don kare shi daga feshi. Birkilan ya ɗan yi ƙorafin nauyin bulon da farko, amma da ya ga kaifin bakinsa da yadda layi ke tafiya, shi da kansa ya ce kada a yi filasta a waje. Ciki kawai aka shafe. Malamai sun ce da azahar sababbin ajujuwan sun fi tsofaffin sanyi.

Abin da ya rage: ragar tagogi, da magudanar ruwa a bayan ofis, wadda muke so a haƙa kafin ruwan farko. Injin yana ajiye a ofis an shafe shi da baƙin mai. Unguwar da ke son aro ta zo ta hannun mai unguwa. Zanen kuma, har da gyare-gyaren da mai walda ya yi, ɗanmu ya sake fitar da shi a takarda da awon santimita, sakatare zai ba duk wanda ya nema kwafi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Sakatare, a madadin kwamitin gini.