Janar ɗinku ya makara, mai gabatarwa kuma ya bar shi ya sha

Assalamu alaikum malam edita, ya aiki ya iyali, Allah ya taimaka.

Ni dai wallahi shirinku na daren Asabar ya ɓata min rai, tun ranar abin yake cina har nace bari dai in rubuto ko na samu sauƙi. Ace kun ɗauko wani janar mai ritaya kun bashi kusan awa guda yana ta zuba kan yaƙin Boko Haram, wai 'yan siyasa ne suka hana makamai, 'yan siyasa ne suka kashe mana yara a Borno, farar hula basu san yaƙi ba kuma basa jin shawara, shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake sai haka ne ranka ya daɗe, gaskiya ne janar, ko sau ɗaya bai tare shi ya tambaye shi abin da duk mai saurare yake son ji ba. Kai a lokacin kana ina? Wace kujera kake kai? Me ka faɗa kuma wa ka faɗawa? Da bakinsa fa yace a shekarun nan yana hedikwata a Abuja, to wannan kaɗai ai ya isa a tsayar da shi.

Ni ba baƙo bane a harkar nan. Na ci horo a Defo Zariya, na je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na ajiye kaki da igiya uku a hannu, yanzu gadi nake a wani sito a Apapa iyali kuma suna Agege. Saboda haka in hafsa yana magana na san inda yake taka gaskiya na kuma san inda yake zagaye ta.

Kuma kar ka ɗauka cewa nake ƙarya ya yi. A 2014 ba a ba yara kayan faɗa ba, wannan kowa ya sani. Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a Agusta, Bama a Satumba, Mubi a Oktoba, Baga a Janairun 2015, mu nan Agege da Mile 12 da Alaba Rago mun ga mutanen da suka gudo da ƙafarsu, wasu har yau basu koma ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne maganar nan da yake yi yau a cikin ɗaki mai sanyi ana ce masa jarumi, ita ce dai kurata suka yi tun a lokacin, su kuma aka yanke musu hukuncin kisa.

Ka tuna Mayun 2014 a barikin Maimalari a Maiduguri. An sa yara tafiyar dare daga wajen Chibok aka yi musu kwanton ɓauna, da aka kawo gawarwakin 'yan uwansu bariki sai suka fusata suka buɗe wa motar GOC ɗinsu, wato babban kwamandansu, Manjo Janar Ahmed Mohammed wuta. Ni tsohon soja ne bazan ce sun kyauta ba, harbin oga tawaye ne ko a wace ƙasa. Amma wa ya ba da odar tafiyar daren? Sanata ne? Minista ne? A Satumbar shekarar kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba aka ƙara yanke wa wasu 54, su laifinsu sun ƙi fita fagen daga, sunce a basu kayan aiki tukuna. Wa ya zauna a kotun? Hafsoshi. Wa ya gabatar da ƙara? Hafsoshi. Wanda ya tsaya musu har ƙarshe lauya ne farar hula, Femi Falana, ɗaya daga cikin mutanen da janar ɗinku yake cewa basu san komai ba. Sai a Disambar 2015 aka sassauta hukuncin ya koma ɗaurin shekara goma goma. Shekara guda cur yaran nan suna kwana suna tashi da sanin za a ɗaure su a jikin durom a harbe, ban ji janar ko ɗaya mai kaki a jiki ya fito yace a dakata yaran nan fa gaskiya suka faɗa ba.

Abin mamaki a ƙarshen Yulin 2015 wajen faretin sallamarsa, babban hafsan tsaro na lokacin Alex Badeh ya tsaya gaban jama'a yace rundunar da ya jagoranta bata da kayan yaƙin da ya kamata. Yanzu ya rasu bazan tsawaita a kansa ba, amma ka duba lokacin da ya faɗa, bayan an sauke shi, yaran da suka riga shi faɗa kuma suna tsare. Wannan shi ne ihu bayan hari, kuma shi janar ɗinku yazo ya maimaita mana ranar Asabar kuna tafa masa.

Akwai ɗan yayana, ni na riƙe shi tun yana ƙarami a bariki, ni na kai shi ya shiga soja, uwarsa bata so ba. A 2014 aka tura bataliyarsu Borno. In ya samu sabis yakan bugo min cikin dare yana magana ƙasa ƙasa, Baba magazin biyu aka bamu, Baba motar da muke da ita sai an tura take tashi, Baba su mutanen nan da bindigar harbo jirgi suke zuwa a bayan Hilux mu kuma AK ce kawai. Ni kuma da nake tsohon saje me zan ce masa, sai ince yi haƙuri ka bi oda ka riƙe addu'a. Ya bi odar. Labarin rasuwarsa ma daga bakin abokinsa muka ji ta waya, takarda sai daga baya can. Matarsa da yara biyu bata daɗe da fita takaba ba akace ta kwashe kayanta ana buƙatar ɗakin, yanzu suna wajena a Agege ɗaki ɗaya da tsakar gida, tana soya awara a bakin layi. Maganar haƙƙinsa kuwa kar ma ka tambaya, daga wannan tebur a tura ka wancan, kawo hoto, kawo takardar rantsuwar kotu, oga baya nan, fayil ya tafi sama. Kuma duk teburin da na tsaya a gabansa mai kaki ne a zaune, ban ga ɗan siyasa ko ɗaya a wajen ba. To da naji mutumin nan yana cewa yaranmu yaranmu kamar zai yi kuka sai da na kashe rediyon na ɗan fita waje, abokin gadina wani Bayarabe yana tambayata lafiya.

Sannan wai farar hula. Malam edita wane farar hula? Mu ƙirga mana. Daga 1999 zuwa 2023 shekara 16 tsofaffin janarori ne a kan mulki, Obasanjo takwas Buhari takwas. Ministan tsaron Obasanjo na farko T.Y. Danjuma ne, janar. A 2014 da garuruwan nan suke faɗuwa ministan tsaro Aliyu Gusau ne, janar, mai ba da shawara kan tsaro Sambo Dasuki ne, kanar mai ritaya, kuma a ofishinsa ne aka yi zargin dala biliyan 2.1 na makamai sun bi ta wata hanya, binciken ma da aka yi ya taɓo manyan hafsoshi har EFCC ta kai wasu kotu. Zamanin Buhari ministocin tsaro Mansur Dan-Ali da Bashir Magashi duk janarori ne masu ritaya, mai ba da shawara Babagana Monguno shi ma haka, a ƙarƙashin Dan-Ali da Monguno akai harin sansanin soja na Metele a Borno da ya kashe sojoji da yawa a Nuwambar 2018. Shi Monguno ɗin a Maris 2021 a hirarsa da BBC Hausa ai yayi maganar kuɗin makamai da ba a gani ba, daga baya ofishinsa yace ba a fahimce shi bane. Ni bana wanke 'yan siyasa, Allah ya sani suma sunci nasu kason kuma su suke sa hannu a kasafi, amma mutum ya zauna ya raba mana duniya gida biyu, masu kaki tsarkaka masu babbar riga ɓarayi, alhali yawancinsu mutum ɗaya ne ya cire wannan ya sa waccan, kuma a barshi ya wuce ba tambaya, haba.

In jarumi kuke nema akwai wanda ya fi cancanta ku ambata. Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan Lafiya Dole, rundunar yaƙi da Boko Haram, a Maris 2020 bidiyonsa ya fita yana tsaye a daji cikin yaransa yana faɗin irin ruwan wutar da ake musu da motocin da suka lalace. Yana cikin kaki fa, yana filin daga. Me ya samu? An cire shi, an kai shi kotun soja, an rage masa shekara uku na girma. Nan ma ba majalisa ce ta hukunta shi ba, 'yan uwansa ne. Janar ɗinku bai ko ambaci sunansa ba.

Mai gabatarwa kuma ya kawo misalin Amurka, wai can ma janarori masu ritaya sun taso wa sakataren tsaro Rumsfeld a 2006 kan yaƙin Iraƙi. Haka ne anyi. Amma ya manta da Janar Shinseki, shugaban sojan ƙasa, wanda tun a Fabrairun 2003 kafin a harba harsashi ɗaya ya zauna gaban majalisar dattawa da kakinsa yace riƙe Iraƙi sai da sojoji dubu ɗari da yawa, manyan ma'aikatar tsaro suka ƙaryata shi a fili, daga baya kowa ya ga wa ke da gaskiya. Wannan ne ya faɗa a lokacin da faɗar zata iya ceton rai. Mu ma muna da kwamitin tsaro a majalisa, hafsoshi suna zuwa kare kasafi duk shekara, me ya hana janar ɗinku buɗe baki a can? Ko in an ƙi ji ya ajiye aikin yace bazan tura 'ya'yan mutane da hannu biyu ba? Ya zauna ya cika shekarunsa ya karɓi garatuti da mota da masu gadi, sai yanzu.

Kuma kaji abin da maganar tasa ta haifar, masu bugo waya wajen mutum uku suna cewa gara soja su dawo kawai, ba wanda ya ce musu kanzil. Yaran yanzu ne basu sani ba. Ni ina Legas ranar 22 ga Afrilun 1990 da su Manjo Orkar masu yunƙurin juyin mulki suka afka Dodan Barracks, fadar shugaban ƙasa ta lokacin, aka shiga rediyo akace an cire Sakkwato da Katsina da Kano da Borno da Bauchi daga Najeriya, ka tambayi duk dattijon Bahaushen da ke Obalende a ranar yadda hantar mutane ta kaɗa. Suma da ƙorafi suka fara. A Burkina Faso da maganar jandarmomin sansanin Inata da aka bari ba abinci har aka kashe su da yawa a wani hari a Nuwambar 2021 aka fara, Janairun 2022 soja suka kifar da shugaba Kabore, shi Damiba da ya karɓa ko shekara bai yi ba wani sojan ya ture shi da wannan hujjar dai ta tsaro. Irin wannan zance in za a yi shi a rediyo sai da mai tambaya mai ƙarfin hali a gabansa.

Abin da nake roƙo ku dawo da shi, amma wannan karon ku zaunar da ɗaya daga cikin yaran nan da aka yanke wa kisa a gefensa, ko matar wani mamaci, suna nan da yawa ba wuyar samu, in kuna so ni zan haɗa ku da wasu a nan Legas. A barsu suyi masa tambayar da ma'aikacinku ya kasa.

Sai kuma maganar layin wayarku. Wallahi kuna cutarmu mu na kudu. Ranar nan tun da aka buɗe layi nake bugawa, in ya shiga sai a ɗaga a barka kana jin kiɗa katinka yana tafiya har ya ƙare, amma kullum sunayen da ake karantowa su ne dai, wane daga Kano wane daga Kaduna wane daga Zariya, mutum huɗu biyar ɗin nan kamar su kaɗai ke da rediyo. Mu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 dubbai ne muke jinku, direbobin tirela a Apapa a waya suke kunna ku cikin go-sulo har gari ya waye. Ku ware mana layi ɗaya ko ku riƙa karanta saƙon WhatsApp ɗinmu, kuma don Allah ku daina ɗaga waya in baku shirya sa mutum a iska ba, kati yayi tsada.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Tsohon saje, Agege, Legas