Modibbo Adama Namu Ne Mu Ma A Kamaru

Assalamu alaikum Edita,

Daga Garwa nake rubuto maku, nan bakin kogin Binuwai. Wallahi akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, duk lokacin da aka yi zancen Modibbo Adama sai a tsaya a Yola kawai, kamar daularsa ta ƙare a bodar Najeriya, alhali mafi yawan ƙasar Fombina ɗin nan da ya kafa a Kamaru take yau. Garwa, Marwa, Ngaundare, Rai Buba, Tibati, Banyo, duk ƙasashen lamiɓe ne, wato sarakunan Fulani, da ke ƙarƙashin Yola a da. Har yanzu ma muna da yankin da ake kira Adamawa, Ngaundare ce hedikwatarsa.

Mutumin nan fa malami ne kafin ya zama shugaba, shi ya sa ake ce masa Modibbo. A Borno ya yi karatu, ya karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809, ya zauna Gurin, ya koma Ribadu, sai a 1841 ya kafa Yola, ya rasu 1847. Kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya riƙe arɗo-arɗon Fulani masu ƙarfi, kowa da garkensa da mayaƙansa, wasu ma ba sa son bin umarninsa, amma haka ya lallaɓa su har ƙasar ta tsayu, 'ya'yansa huɗu suka yi sarauta bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Mu Hausawan nan hanyar da ya buɗe kakanninmu suka biyo da fatauci, kakana ma daga Kano ya zo. Amma kar mu ɓoye gaskiya, an kai hare-hare an kama bayi da yawa cikin ƙabilun duwatsu, jikokinsu maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, kuma ba su manta ba. Wannan ma a rubuta shi.

Turawa ne suka raba mu, Ingila ta ci Yola a 1901, Jamus ta kwashe ɓangarenmu, daga baya Faransa ta gada. Yanzu yarana a lekol, wato makarantar boko, da Faransanci suke karatu, ranan nan na tambayi babban waye Modibbo Adama ya yi shiru, abin ya min ciwo sosai.

Don Allah Edita ku turo wakilinku fadar Lamiɗon Garwa da ta Ngaundare ya zauna da dattawa ya ɗauki abin da ke bakinsu, ku buga mana da Hausa. In ya iso Garwa masaukinsa na wuyana.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Garwa, Kamaru