Kafin ka ɗauko hanyar Minnesota da Camry ɗin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya uwargida da yara? Jiya bayan sallar Juma'a nake ji a bakin Kawu wai aikin nan ya tabbata, a watan Janairu za ku tattaro daga Houston ku dawo mana Minneapolis. Alhamdulillah, Allah ya sanya alheri ya sa a fara a sa'a. Amma ace sai a bakin Kawu zan ji? Wannan shari'ar sai ka iso. Wai a wace unguwa kuka kama gida ma tukun?

Abun da ya hana ni sukuni tun jiya shi ne da ya ce da motarka za ka tuƙo iyali. Kai da ko a Kano iskar hunturu na kaɗawa kake naɗe kai da rawani ka ƙi fitowa majalisa, kai ne za ka shigo garin da a Janairu sanyi ke sauka ƙasa da sifili da digiri 20 na Celsius har fiye, a mota kuma wadda tunda aka saye ta zafin Texas kawai ta sani. Tafiyar kusan mil 1,200 ce fa, kamar ka je Legas daga Kano ka juyo, kuma sanyin ba jiranka zai yi sai ka iso ba, a hanya za ku haɗu.

Don Allah ka fara da lagireto. Na san halinka in ruwa ya ragu na famfo kake ɗurawa irin koyarwar bakanikenmu na Ƙofar Ruwa, toh a nan wannan ruwan daskarewa yake ya kumbura ya fasa lagireto, wani sa'in har injin kansa ya tsage. A zubar da na ciki gaba ɗaya a zuba na sanyi mai rabi da rabi, irin wanda littafin motar ya ce, shi yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Sai batir. Zafin Houston yana cinye batir a ɓoye, mota na tashi lafiya lau kana ganin ba komai, ranar da ta kwana a waje a Iowa da asuba ka murɗa makulli ka ji ƙas ƙas ƙas shikenan, don a irin wannan sanyin batir na rasa sama da rabin ƙarfinsa, ga baƙin mai ya yi kauri injin ya yi nauyin juyawa. Ka shiga shagon kayan mota na AutoZone ko O'Reilly kyauta suke gwadawa, in ya haura shekara 3 kar ma ka tsaya ciniki da kanka, ka canja, ka duba lambar CCA a jikinsa, wato ƙarfin tada injin cikin sanyi, kar ta gaza wadda littafin ya rubuta.

Af, kafin na manta, ka ji angonmu ya samu ƙaruwa? Mace, ranar Lahadi aka yi suna, an sa mata sunan Inna. Shi da ya rantse sai ya gama ginin nan kafin ya ajiye iyali, ginin yana nan ko linta bai kai ba. Ka kira shi, yana cigiyarka, ya ce tun bikin ka ɗauke masa ƙafa.

Taya kuma, waɗanda ke ƙafar motarka da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarsu ta fara sandarewa, ka taka birki mota ta ci gaba da tafiyarta. Ka nemi masu tambarin dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a tsakiya, guda huɗun duka, kar wani ya ce maka biyun gaba sun isa, bayan motar ne zai juyo da kai. A Houston ba ko'ina ake ajiye su ba sai ka yi oda da wuri. Iskar taya ma raguwa take in aka shiga sanyi, duk inda ka tsaya shan mai ka auna, adadin na nan manne a bakin ƙofar direba.

Wanda mutane suka fi rainawa shi ne ruwan wanke gilashi, kuma wallahi shi ya fi ban tsoro. Nan gishiri ake watsa wa titi, tirela za ta wuce ka ta feso maka taɓo mai gishiri, waifa ta shafe shi gilashin ya koma fari fat, ka danna ruwa ka tarar ya daskare a tiyo, kana gudu yara na baya ba ka ganin ko hancin motar. Ka ƙarar da na Texas ɗin kaf, ka cika da wanda aka rubuta -20 ko -25 a galan, ka jefa galan guda a but.

Hanyar dai ka sani, I-45 zuwa Dallas sai ka kama I-35, Oklahoma City, Wichita, Kansas City, Des Moines har nan. Ni dai shawarata ku kwana a Kansas City, kada ka yarda ka ratsa Iowa da dare, fili ne fetal iska na kwaso dusar ƙanƙara ta rufe titi, har rufe hanyar ake yi a arewacin jihar in abin ya yi tsanani. Ka sauke manhajar 511, mai nuna halin da tituna ke ciki, ta Iowa da ta Minnesota ka duba kafin ka tada mota. Gada tana riga titi daskarewa, kai shaida ne kan abin da ya faru a Fort Worth a Fabrairun 2021, motoci sama da 130 suka afka wa juna mutum 6 suka rasu, Allah ya kiyaye mu. Kar ka bari mai ya sauka ƙasa da rabin tanki. In ƙaddara ta sa kuka maƙale, ku zauna cikin mota, ka fita ka share bakin salansa kafin ka kunna hita, in ya toshe hayaƙin ciki yake dawowa kuma ba ya wari, haka yake kashe mutane suna barci. Ka riƙa kunnawa kamar minti 10 a kowace awa, ka ɗan sauke gilashi.

Bargo, shebur ƙarami, tocila, wayar jan wuta daga batirin wata motar, dabino da ruwan sha, duk su zauna inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin katifu da tukwane ba. Ka gaya wa uwargida ta cire wa ƙaramin rigar sanyi mai kumburin nan kafin ta ɗaure shi a kujerarsa, bel baya kama jiki da ita, ta lulluɓe shi da bargo daga sama.

Maman yara na gaida ta, ta ce in yajin da aka aiko muku daga gida bai ƙare ba a taho mata da shi, masar ranar isowa kuma tata ce. Ka turo min hoton tayoyin da na batirin yau ɗin nan in gani, da ranar da za ku taso. Allah ya kawo ku lafiya.

Naka,
abokinka na Minneapolis