Sanarwa ga ƴan rukunin masu babur

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sanyi.

Zamanmu na gyara yana nan ranar Asabar bayan La'asar, a gindin darbejiyar bayan masallaci. Kowa ya zo da sifana, da kananzir kaɗan, da tsumma.

Filtar iska za mu fara dubawa, don ƙurar hunturun nan ita ke kashe inji. Wanda filtarsa ta soso ce ya wanke ta da kananzir, ya matse, ta bushe, sannan ya shafa mata baƙin mai kaɗan. Masu cire ta wai don babur ya ƙara gudu, don Allah ku daina. Yashi kuke ɗura wa fistin, kuɗin ring ɗin fistin kuma ya fi na filta nesa ba kusa ba. Haka masu huda salansa, ƙara kawai kuke samu, ga tsofaffi na ta ƙorafi.

Juyen baƙin mai a yi shi inji da ɗumi, Boxer kusan lita 1 take sha. Sarƙa kuma kada a ɗaure ta tamau, a bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3, musamman masu ɗaukar buhu zuwa Maigatari ranar Alhamis.

Kabureta da wayoyin wuta dai a bar wa bakanike.

Sannan ɗan uwanmu mai walda kariyar ɗora kaya ta babur, iyalinsa ta sauka lafiya, an samu mace. Suna Lahadi da safe. Mai gudummawa ya miƙa wa ma'aji kafin Juma'a. Allah Ya raya.